Zaren Kitso a Wuyan Bazazzagiya

Ban taɓa mantawa da ranar wata Talata a ƙarshen watan Fabrairu ba, ranar da na hau saman benen Alhaji Sale da bokitin ruwa a hannuna na tarar da aikin shekara uku kwance a kan siminti. Kun sha tambayata abin da ya sa nake bin duromin dashenku ina cusa yatsa a kowane ƙulli, har wasunku na cewa tsufa ne ya fara taɓa Goggo Hansatu. Tsufa bai taɓa ni ba tukuna. Ku zauna ku ji. Ni ban shiga lekol ba, wato makarantar boko, Malama Rabi sakatariyar ƙungiyarmu ta masu dashe ce ke rubutawa, kuma na ce mata ta sa maganata yadda ta fito, kada ta yi mata kwalliya.

Ni asalina mai kitso ce. A Garwa aka haife ni, aure ya kawo ni Yawunde, na yi shekara talatin ina kitso a nan unguwar Birik. Ku tambayi iyayenku mata. Daga Tsinga, daga Messa, har matan da ba sa jin Hausa suna zuwa su zauna a gabana, domin kitsona yakan yi wata guda bai motsa ba, kuma ƙullin da na yi a bakin jela babu mai kwance shi sai da reza. Da yatsuna suka fara sandarewa da sanyin safiya, sai na ga gara in ajiye tsinken da kaina kafin a fara cewa hannun Goggo ya mutu. A lokacin ne aka ce mini gidan Alhaji Sale tela ana neman mai shara.

Alhaji mutumin Zariya ne, ya zo ƙasar nan tun yana saurayi da keken ɗinki guda, ya tsufa yana da shago mai kekuna da yawa a layin masu yadi. Matarsa ta riga mu gidan gaskiya, 'ya'yan sun watse, sai autarsa Maimuna da ke aikin ofis take zaune tare da shi. Ma'aikatan gidan mu uku ne, kuma kowa da matsayinsa. Mai girki ce babba, don ita ke shiga ɗakin Alhaji ba sallama biyu. Mai wanki na biye da ita. Mai shara ce ta ƙarshe, kuma ita ake ɗora wa hawa sama da ruwa, tun da babu mai son matakala ashirin da bokiti. Haka na fara, ni da sarauniyar kitso ce jiya.

A saman benen, a kan dal, wato rufin simintin da ba a ƙarasa gini ba, Alhaji yana da rabin duro guda shida da inabi a ciki. Biyar ɗin a wurin masu dashe na bakin titi ya saya, ganye kawai suke yi da 'ya'ya kamar tsakuwa. Ta shidan ita ce maganarmu. Ya je Zariya ta'aziyyar wansa, ya tarar za a raba gidan gado, kuma za a sare kurangar inabin da mahaifinsu ya dasa a tsakar gida don a fitar da shaguna. Ya yanko reshe uku ya naɗe a jiƙaƙƙen buhu, ya biyo mota har Gaundare, ya shigo jirgin ƙasa da su a kan cinyarsa. Biyu suka mutu, ɗaya ta kama. Ita ya sa wa suna Bazazzagiya. Ta Zariya an sare ta a watan da ya dawo, saboda haka duk duniya babu sauran irin mahaifinsa sai wannan da ke cikin rabin duro a Birik.

Bari in faɗa wa sababbinku yadda aikin yake, kamar yadda ya koya mini. Duro sai an huda gindinsa, a zuba tsakuwa da gutsattsarin gawayi, domin ruwan garin nan ba ya jin a daina, kuma saiwar inabi ba ta son kwana cikin ruwa. Jar ƙasar nan mai danƙo ba a sa ta ita kaɗai, sai an cuɗa ta da yashi da tsohon takin tumaki. Shekarar farko ba a neman komai a wurin kuranga sai tsayi. Ana kafa gwangwala a jikin duro, a zaɓi reshe ɗaya mai ƙarfi a bi da shi sama, duk wanda ya fito a gefe a tsinke shi da farce. Shekara ta biyu, in ta kai rumfa, a yanke kanta a bar mata hannu biyu, ɗaya gabas ɗaya yamma, a kwantar da su a kan rumfar. Wurin da hannuwan suka rabu shi muke kira wuya. Shekara ta uku ake yi mata aski, wato a rage rassan a bar wa kowane ido biyu, idon nan da toho ke fitowa ta cikinsa, a zage ganyen duka ta zama tsirara. A can Zariya sanyi ke sa ta barci ta farka da fure. Nan babu wannan sanyin, sai almakashi ya yi aikinsa. Kuma askin a farkon Nuwamba ake yi, don 'ya'yan su nuna cikin rani kafin ruwan Maris ya ruɓar da su.

Sai ɗauri. Alhaji ba ya yarda a ɗaure inabi da komai sai ƙyallen atamfa. Duk Juma'a yakan dawo daga shago da leda cike da ragowar yankan yadi, ya zauna yana tsaga su kamar faɗin yatsu biyu. A zagaya gwangwala, a gitta, a zagayo jikin kurangar sako-sako, sannan a ƙulla a bayan gwangwalar. In ka gama sai ka sa yatsa. In yatsa bai shiga ba, kwance ka sake. Ni kuwa wannan ɗaurin yana ba ni haushi. Ina ganinsa kamar kitson mai koyo, wanda ake yi da safe ya warware kafin la'asar. Nakan yi yadda ya ce don shi ne mai gida, amma a raina ina cewa mutumin nan ɗinki ya iya, ƙulli kam a bar wa masu shi. Shi ma ya san haka, yakan tsokane ni ya ce mutan Garwa ko gaisuwa suka yi maka sai ta bar maka shaida a hannu.

A watan Mayu na shekara ta uku ciwon sukari ya ci ƙarfinsa. Ƙafafu suka kumbura, idanu suka tafi, aka kwana biyu da shi a lopital, wato asibiti, aka dawo da shi ɗakinsa na ƙasa. Ranar da ya tabbata ba zai sake hawa matakalar nan ba, ya sa aka kira ni a gaban mai girki da mai wanki, ya miƙo mini almakashinsa na inabi. Ya ce daga yau Goggo ba mai shara ba ce, ita ce mai lambu, a nemo wata ta riƙe tsintsiya. Ya kafa mini doka ɗaya: kullum da safe in na sauko, in shigo in ba shi rahoto, in kuma kawo masa ganye ɗaya na Bazazzagiya ya shafa. Ba zan ɓoye muku ba, ranar na koma gida Nkomkana ina tafiya kamar an naɗa ni sarauta.

Ba a yi sati uku ba aka yi wani ruwa da iska da rana tsaka. Da ya ɗauke na hau, na ga ƙyallayen sun riga sun ruɓe da damina, sun tsinke, Bazazzagiya ta zame daga gwangwala ta rataya a hannu ɗaya. Ledar ƙyalle ta ƙare, tun da mai kawo ta yana kwance. Shagon ba nisa, da na taka da ƙafata da an cika mini zani da ƙyalle. Amma a bakin zanina akwai abin da bai taɓa rabuwa da ni ba ko bayan na bar sana'a, wato zaren kitso, baƙin nan mai sheƙi na roba, wanda ruwa ba ya ci, rana ba ta ci. Na tayar da ita, na haɗa wuyanta da gwangwala, na naɗa zaren sau bakwai, na ja, na yi ƙullina na bakin jela. Na girgiza ta, ko motsi. Na ce to, yanzu iskar Yawunde ta zo ta gwada.

Da na ba da rahoto washegari, ya tambaye ni ko an ɗaure. Na ce an ɗaure. Ya ce akwai wurin yatsa?

Na ce, "Alhaji, ni za a koya wa ƙulli?"

Ya yi dariya ya ce Allah ya ba shi haƙuri, ya manta da wa yake magana. Bai sake tambaya ba. Wannan amsar tawa ita ce na fi jin ciwonta har gobe, domin ban yi ƙarya ba, ban kuma faɗi gaskiya ba, kuma makaho ya yarda da ni.

Damina ta wuce, Nuwamba ta kama, na yi mata aski yadda ya ce, ido biyu biyu, yana daga kwance yana tambayata kaurin kowane reshe, ko ya kai fensir ko bai kai ba. A lokacin na lura wuyanta ya kumbura a saman zaren, ɓawon ya hau ya fara rufe shi. Na san wannan kumburin. Na gan shi a gaban goshin mata da yawa, inda kitsona ya ja fata har ƙuraje suka fito, daga baya gashin wurin ya tafi bai dawo ba. Shekara talatin ina gani ina cewa gashinsu ne ba shi da ƙwari. To haka na gaya wa kaina a nan ma. Na sauko na ce wa Alhaji Bazazzagiya ta yi ƙiba har wuyanta ya yi guru. Ya yi murna, ya ce taki ya karɓe ta.

Abin da ya ƙara rufe mini ido shi ne yadda ta yi 'ya'ya. Daga baya wani malamin gona ya bayyana mini cewa in aka shaƙe kuranga, abincin da ganye ke aikawa saiwa ba ya samun hanyar sauka, sai ya taru a sama, 'ya'yan su yi girma fiye da kima yayin da wuyan ke rubewa a ciki. Ni ina na san wannan? Nono goma sha ɗaya ta yi, kowane ya cika tafin hannu biyu. Na riƙa kiran matan maƙwabta su hau su gani. Alhaji kuwa ya koma lissafin kwanaki. Abinci ba ya shiga, likita ya hana shi kusan komai, amma ya ce ko ƙwaya ɗaya ce sai ya sa a bakinsa, don rabonsa da inabin gidansu tun mahaifinsa na da rai. Maimuna ta gaya mini a kicin cewa likitoci sun ce a yi ta addu'a kawai. Ta ce, Goggo, inabin nan ne ke riƙe da Baba.

Ranar Litinin da la'asar, bayan na tafi gida, iskar da ke share wa ruwan farko hanya ta taso. Ba wata babbar iska ba ce, ko kwanon rufi ba ta ɗaga ba. Talata da safe na hau. Wuyan ya karye daidai kan zaren, kamar an sa wuƙa. Hannuwan biyu sun zamo daga rumfa da nauyin 'ya'yansu sun kwanta a ƙasa, ganyen ya fara laushi. 'Ya'yan sun fara sauya launi ke nan, saura kamar sati biyu. Gwangwalar tana tsaye, zarena yana jikinta, ƙullina bai kwance ba.

Na zauna a bakin duron ban san iya lokacin da na ɗauka ba. Maimuna ce ta hawo da kayan ofis a jikinta don ta ji shiru. Ta gani, ta dafa bango. Ba ta zage ni ba, da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Ta ce kada Baba ya ji. Ta ce mu yi shiru sati biyu, ita za ta shiga babban kanti a cikin gari ta sayo inabin waje, a ɗora masa a faranti, tun da ba gani yake ba. Na yarda, kuma ba don tausayinsa kaɗai na yarda ba, har da don kada a ji a Birik cewa Goggo Hansatu ta kashe abin da aka ba ta amana. Na yanke nonnan na rataye su a inuwa, wai ko za su nuna kamar ayaba. Ku sani tun yau, inabi in ya bar jikin uwarsa ya gama, ba ya ƙara zaƙi.

Na sauko da ganye daga jikinta, tun da bai gama yaushi ba, na ce komai lafiya. Ya shafa, ya ce yau tana jin ƙishi, in ƙara ruwa. Laraba ganyenta ya bushe, sai na tsinko na duron da ke kusa da ita, na zaɓi mai girmanta. Ya karɓa, ya murza shi tsakanin yatsa biyu kamar yadda yake yi wa shadda in an kawo masa ɗinki. Ya juya bayan ganyen ya sake shafawa.

Sannan ya ce, "Goggo, wannan ba yadinmu ba ne."

Ashe ganyen Bazazzagiya yana da gashi-gashi a bayansa, na sauran kuwa sumul yake. Shekara uku ina ba ta ruwa ban sani ba. Na buɗe baki in ƙara wata ƙaryar, sai na ji ba zan iya ba. Na durƙusa a bakin gadon, ni da ban taɓa durƙusa wa mai gidan aiki ba, na faɗa masa duka, tun daga ruwan watan Yuni. Ya ce in hau in yanko masa wuyan in kawo. Na yanko shi har da guntun gwangwalar da zaren ya haɗa su, na kawo. Ya bi kumburin da yatsa, ya sa farce cikin tsagar, ya tono bakin zaren ya ja. Bai tsinke ba.

Ya ce, "Zare mai kyau ne. Ƙullin ma babu laifi." Sannan ya ce, "Mu in an kawo mana ɗinkin yaro, ba ma yanka daidai jikinsa, Goggo. Muna barin sarari a kafaɗa, don gobe ba haka zai kwana ba. Ƙyallen nan da kike rainawa, ruɓewarsa ita ce amfaninsa. Kafin ya shaƙe ta ya mutu."

Iyakar faɗan da ya yi mini ke nan. Na ce ya karɓi almakashinsa, a mayar da ni shara ko a sallame ni. Ya ce wa zai ba, shi da ba ya gani, ko Maimuna da ba ta san gaban ganye da bayansa ba? Ya tambaya ina 'ya'yan. Na ce suna rataye, ɗanyu ne, sun fara yamutsewa. Ya ce in kawo ƙwaya ɗaya. Maimuna tana bakin ƙofa tana hawaye, ta ce Baba zai ɓata maka ciki. Ya ce cikin da ya rage nawa ne. Na wanke ɗaya na sa masa a hannu. Ya tauna, fuskarsa ta tattare saboda tsami, har ƙwalla ta fito masa. Ya ce ita ce. Ya ce shi dama bai taɓa sanin zaƙinta sosai ba, domin shi da wansa ba sa bari ta nuna, ɗanya suke sata mahaifinsu ya bi su da carbi. Ban sani ba ko gaskiya ya faɗa ko don ya sauke mini kaya ne. Na yi ta juya maganar nan shekaru, ban gano ba.

Daga nan ya koma ba da umarni kamar ba abin da ya faru. In yi sauri kafin rassan su gama bushewa, in yanka masu kaurin fensir, kowane da ido uku, in jiƙa su kwana ɗaya in dasa, ido biyu a ƙasa ɗaya a sama. Kututturen da ya rage a duro in yanke shi ƙasa da ciwon, in rage masa ruwa, in jira. Na ce Alhaji, wannan ai wata shekara ukun ce.

Ya ce, "Na sani. Ido na rasa, ban rasa lissafi ba."

Ya rasu a watan Afrilu, ranar wata Alhamis da hantsi, ruwa na zuba. Kwana tara kafin nan na kai masa ganyen farko da kututturen ya fitar, ƙarami kamar kunnen jariri. Ya juya bayansa ya shafa, ya ce yauwa, yadinmu ya dawo. Daga cikin rassa goma sha huɗu da na dasa, biyar suka kama.

Maimuna ta riƙe ni a aikin har ta yi aure aka sa gidan haya, ta ce in kwashe duromin. Da Bazazzagiya ta sake yin 'ya'ya, na kai nonon farko shagonsa na raba wa telolin da ya koya wa aiki, suka yi masa addu'a, suka cika mini leda da ƙyalle, kuma har yau duk Juma'a suna ajiye mini. Sun ce tana da zaƙi. Ku ma da kuka samu irinta daga hannuna kun ce haka. Ni ban taɓa sa ta a baki ba, kuma ba zan sa ba. Wanda aka yi dominsa ɗanya ya ci.

Abin da aikin nan ya koya mini shi ne, gwanintar da mutum ya zo da ita daga wata sana'a ita ta fi saurin yi masa ɓarna, domin a nan ne ba ya tambaya. Inda na san ban iya ba, wajen taki da aski, na bi maganar Alhaji ƙafa da ƙafa, ban kuskure ko ido ɗaya ba. Inda na ce ni ce gwana, a nan na karya masa wuyan abin da yake jira. Kuma na ga irin mutanen da ke wannan aiki na dashe: mutum yana kwance ya san kwanansa sun ƙare, yana ba da umarnin yadda za a dasa abin da sai bayan shekara uku zai yi 'ya'ya.

Zaren yana nan a bakin zanina, wanda ya tono da farcensa, da ƙullin a jikinsa. Saboda haka in kun ga na tsaya a kan duronku na cusa yatsa, kada ku ce Goggo ta raina ɗaurinku. In yatsan ya shiga zan wuce ban ce komai ba. In bai shiga ba, ko ƙullin ya fi na kowa kyau, za ku kwance shi a gabana.